Inda Ji Ya Kori Gani: Muhawarar Masoyan Doctor Who a Kan Wasannin Sauraro

Akwai wata magana da ta yawaita a bakin tsofaffin masoyan shirin Doctor Who, wadda take ba sabon shiga mamaki idan ya fara jin ta, wato cewa mafi kyawun labaran wannan shiri ba a taɓa nuna su a talabijin ba, kuma babu idon da ya taɓa ganin su. Abin da suke nufi shi ne wasannin kwaikwayo na sauraro da kamfanin Big Finish na Burtaniya yake fitarwa tun shekarar 1999 bisa lasisin BBC. Na daɗe ina sauraron waɗannan wasanni, ina kuma bibiyar abin da masoya suke faɗa a kansu, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalina a duk muhawarar shi ne tazarar da ke tsakanin abin da masoyan suke yabo da bakinsu da abin da suke roƙo a yi musu. Suna yabon ƙarfin hali da sabon salo, amma idan aka tambaye su me suke so a fitar a gaba, sai su ce a dawo musu da tsohon abokin gaba da tsohuwar murya.

Wanda bai san shirin ba yana buƙatar ɗan bayani kafin a shiga gardamar. BBC ta fara nuna Doctor Who ranar 23 ga Nuwamba, 1963. Ƙagaggen labarin kimiyya ne game da wani baƙo daga wata duniya, wanda ba a san shi da wani suna ba sai Doctor, yana yawo cikin sararin samaniya da cikin zamani, gaba da baya, a wani jirgi mai siffar shuɗin ɗakin tarho na 'yan sandan Burtaniya, wanda cikinsa ya fi wajensa girma nesa ba kusa ba. Dabarar da ta tsawaita ran shirin ita ce, duk lokacin da Doctor ya kai bakin mutuwa sai jikinsa ya sabunta, ya tashi da wata fuskar da wani halin, don haka ana iya sauya ɗan wasa ba tare da an kashe labarin ba. Shi ya sa masoya suke ƙirga su da lamba, su ce Doctor na huɗu ko Doctor na shida. A 1989 BBC ta dakatar da shirin. In ban da wani fim guda na talabijin da aka yi a 1996, bai dawo ba sai a 2005. A cikin wannan dogon fari na shekara 16 ne wasannin sauraro suka tsiro.

Ba haka kawai suka faɗo daga sama ba, domin tun asali akwai tsohuwar alaƙa tsakanin masoyan wannan shiri da kunne. Kafin na'urar naɗar bidiyo ta shiga gidaje, yara da matasa sukan ajiye rikoda kusa da talabijin su naɗi sautin shirin, su yi ta maimaita shi suna cike hoton da tunaninsu. Wannan ɗabi'a ta yi rana daga baya, saboda BBC ta goge da yawa daga cikin tsofaffin faya-fayanta a shekarun 1960 da 1970, kuma har yanzu akwai kashi-kashi na shirin, wato sassan da aka riƙa nunawa mako-mako, sama da guda 90 da babu hotonsu a ajiye, sai dai wanda aka yi sa'ar tsintowa can da can, kamar kashi tara da aka gano a wata tashar talabijin a Jos aka sanar a 2013. Amma sautin kowane kashi da ya ɓata yana nan, albarkacin waɗancan masu naɗa a gida. Ke nan akwai zuriya guda ta masoya da ta san wasu labaran Doctor na farko da na biyu ta kunne kaɗai. A shekarun 1980 kuma wasu matasa suka riƙa shirya nasu wasannin a kaset ba tare da lasisi ba, a ƙarƙashin sunan Audio Visuals, kuma daga cikinsu ne aka sami Gary Russell da Nicholas Briggs, waɗanda daga baya suka ja ragamar aikin a Big Finish. Briggs ɗin nan shi ne yake yin muryar Dalek, shahararrun abokan gaban Doctor, a talabijin tun 2005. Wannan tarihi yana da muhimmanci ga duk abin da zan faɗa, domin yana nuna cewa masu yin wasannin da masu sayen su 'yan gida ɗaya ne. A nan ƙarfin aikin yake, a nan kuma rauninsa yake.

Idan akwai batun da masoya suka kusa yin baki ɗaya a kansa, to batun Colin Baker ne, wanda ya fito a matsayin Doctor na shida daga 1984 zuwa 1986. A talabijin bai ji da daɗi ba. An sa masa wata riga mai launuka barkatai wadda take ɗauke hankalin mai kallo daga duk abin da yake faɗa, an rubuta shi a matsayin mai girman kai da tsawa, har ma a labarinsa na farko aka sa ya shaƙe abokiyar tafiyarsa. Niyyar ita ce a fara da mutum mai wuyar sha'ani, sannan a hankali a bayyana taushin zuciyarsa, amma ba a ba shi lokacin ba. A 1985 aka dakatar da shirin na wata 18, a ƙarshen 1986 kuma aka sauke shi, har ta kai ga wanda ya gaje shi, Sylvester McCoy, shi ne ya sa gashin aro ya kwanta a ƙasa a madadinsa a wurin da ake nuna sauyin. Shekaru da yawa sunansa yana can ƙasa a jerin waɗanda masoya suke so.

Wasannin sauraro suka juya wannan hukunci gaba ɗaya. Abu na farko, kunne ba ya ganin riga. Abu na biyu, wanda a ganina ya fi muhimmanci, shi ne a shekarar 2000 aka haɗa shi da sabuwar abokiyar tafiya mai suna Evelyn Smythe, malamar tarihi a jami'a wadda ta haura shekara hamsin, wadda marigayiya Maggie Stables ta yi wa murya. Talabijin ya saba haɗa Doctor da 'yan mata matasa da aikinsu shi ne su yi tambaya su kuma yi ihu. Evelyn kuwa dattijuwa ce da ba ta jin tsoron tsawarsa, tana iya ce masa ya yi kuskure, shi kuma ya saurara. Da aka ba shi wadda za ta taka masa burki, sai girman kan ya koma abin dariya mai daɗi, tausayin da ke ƙarƙashinsa ya fito fili, kuma muryarsa mai kauri da son dogayen kalmomi ta dace da makirufo fiye da yadda ta taɓa dacewa da kyamara. A yau da wuya ka sami mai sauraron waɗannan wasanni da zai sa Colin Baker a ƙasa. A 2015 ma aka yi masa labarin bankwanan da talabijin ya hana shi. A wannan batu ina tare da masu rinjaye ba tare da wani sharaɗi ba, kuma ina ganin darasin ya wuce Baker, domin ya nuna cewa sau da yawa abin da masu kallo suke ɗora wa ɗan wasa laifin marubuta ne da masu shiryawa.

Labarin Paul McGann, Doctor na takwas, ya ɗan bambanta. Shi fim guda kawai ya yi a 1996, don haka babu abin da za a gyara, sai dai a gina daga tushe. Ya shiga wasannin sauraro a farkon 2001 tare da India Fisher a matsayin Charley Pollard, budurwar da Doctor ya ceto daga jirgin sama na R101, wanda a tarihi na gaskiya ya faɗi a Faransa a watan Oktoba na 1930. Ceton wadda tarihi ya rubuta mutuwarta shi ne ya zama ƙashin bayan labarin na shekaru. Ga masoyan wancan lokaci, wannan shi ne ci gaban shirin, ba cike gurbi ba, saboda babu wanda ya san abin da zai faru da wannan Doctor ɗin a gaba.

Wannan ya kawo mu ga abin da masoya suke kira zamanin zinariya, wato kusan daga 1999 zuwa 2005. Idan aka tambayi tsohon mai sauraro ya lissafa gwanayen labarai, sunayen da zai ambata kusan duk daga nan suke. Akwai Spare Parts na 2002, wanda Marc Platt ya rubuta, game da asalin Cybermen, mutanen da suka maye gurbin sassan jikinsu da ƙarfe har suka rasa tausayi. Abin da ya sa labarin yake taɓa zuciya shi ne bai nuna su a matsayin miyagu ba, ya nuna al'umma ce da sanyi yake kashewa a ƙarƙashin ƙasa, wadda ta zaɓi tiyata domin ta rayu, kuma ya bi da mai sauraro ta cikin gidan wasu talakawa da aka mayar da 'yarsu haka ta dawo gida ba ta iya magana. Akwai The Chimes of Midnight na Robert Shearman, shi ma na 2002, inda ake ta kashe barorin wani gida a daren jajibirin Kirsimeti na 1906, lokaci yana komawa baya ana sake kashe su. Akwai Jubilee na 2003, wanda Shearman ɗin ya sake sarrafa shi ya zama kashin da ya dawo da Dalek talabijin a 2005.

Amma waɗanda suka fi burge ni su ne waɗanda ba za su yiwu ba sai a kunne. A wani labari na 1999 abokin gaban ba shi da jiki, sauti ne zalla da yake zaune a cikin faya-fayan wani gidan adana muryoyi, yana iya kwaikwayon kowa, don haka mai sauraro ba ya iya amincewa da abin da yake ji. A Scherzo na 2003, 'yan wasa biyu ne kawai daga farko har ƙarshe, suna tafiya a wani wuri da haske ya makantar da su, ta yadda abin da suka sani game da inda suke bai wuce abin da mai sauraro ya sani ba. Flip-Flop kuwa faifai biyu ne, baƙi da fari, kuma kowanne ka fara da shi labarin zai tafi daidai. Wani kuma, Live 34 na 2005, an gina shi gaba ɗaya a matsayin shirye-shiryen wata tashar rediyo ta gwamnatin kama-karya, ba ka jin Doctor sai idan an yi hira da shi ko an ambace shi a labarai. Waɗannan ba wasannin talabijin ba ne da aka cire wa hoto. An zauna ne an yi tunanin abin da rashin gani zai iya bayarwa.

Me ya sa aka sami irin wannan ƙarfin hali a lokacin? Masoya da yawa suna cewa marubutan da ne suka fi na yanzu hazaƙa, amma ni ban gamsu da wannan ba. Dalilin da ya fi kama hankali shi ne yanayi. A wancan lokaci shirin a mace yake a idon duniya, babu wani babban aiki a talabijin da ake tsoron a ɓata masa suna, kuma masu saye kaɗan ne, duk sun san tarihin shirin ciki da waje, sun gaji da maimaici. Wanda ba shi da abin asara yakan yi abin da mai dukiya ba zai iya ba. Kuma ya kamata a tuna cewa wannan zamani bai tsira daga tarkace ba. Masu yabonsa suna tuna labarai goma ko goma sha biyar ne, suna mantawa da waɗanda suka yi tsawo ba dalili, da waɗanda suka cusa zubar da jini da kalaman batsa don kawai a nuna cewa yanzu shirin na manya ne. Zagreus, wanda aka fitar a 2003 don cikar shirin shekara 40, faifai uku ne cike da tsofaffin 'yan wasa suna fitowa a matsayin wasu mutane daban, kuma har gobe masoya ba su daidaita a kansa ba: wasu suna ganin gagarumin aiki ne, wasu suna ganin ruɗani ne mai tsawon awa huɗu. Ni ina cikin kashi na biyu, ko da yake na fi girmama aikin da ya yi yunƙuri ya faɗi a kan wanda bai motsa ba sam.

Akwai wani ƙorafi na fasaha da yake fitowa a kusan kowane sharhi, kuma ya cancanci a tsaya a kansa, domin shi ne ma'aunin da ke raba gwanin marubucin sauraro da ɗan koyo. Matsalar ita ce yadda za a sanar da mai sauraro abin da ke faruwa ba tare da an sa mutane suna faɗa wa juna abin da dukansu suke gani ba. Marubuci mai rauni zai sa abokiyar tafiya ta ce wa Doctor ya dubi wancan ƙaton dodo mai ƙafa shida da ya fito daga ƙofar hagu yana riƙe da makami, alhali yana tsaye kusa da ita yana kallon dodon. Babu mai magana haka idan tsoro ya kama shi. Gwani kuwa yakan bar numfashin ɗan wasa da sautin taku da amsa-kuwwar ɗaki su yi aikin, ko ya ƙirƙiri dalilin da zai sa a yi bayani, kamar a raba mutanen biyu su riƙa magana ta na'urar sadarwa, ko a sa ɗaya a cikin duhu. Ƙagaggen labarin kimiyya ya fi kowane irin labari shiga wannan tarko, saboda abubuwan da yake kawowa babu su a duniya. Idan aka ji ƙarar buɗe ƙofa kowa ya san ƙofa, amma ƙarar halittar da ba a taɓa gani ba ba ta gaya wa kowa siffarta. Shi ya sa nake ganin masoyan da suke neman a yi musu manyan yaƙe-yaƙen sararin samaniya a wasan sauraro suna neman abin da zai ba su haushi ne, domin abin da za su samu shi ne minti biyar na fashe-fashe da ihu, ba su san wa ya harbi wa ba. Kunne ya fi son mutum biyu ko uku a wuri ƙuntatacce, kowanne yana ɓoye wa ɗan'uwansa wani abu.

Masu haɗa sauti da kiɗa su ne ba a cika ambata ba a wannan muhawara, alhali rabin aikin nasu ne. 'Yan wasa sukan naɗi muryoyinsu cikin kwana ɗaya ko biyu a ɗakin naɗa, sannan wani ya kwashe makonni yana gina duniyar da za a sa muryoyin a ciki.

Gardamar da ta fi kowace zafi, kuma ta fi kowace rashin amfani a ganina, ita ce ta ko waɗannan labarai suna cikin sahihin tarihin Doctor ko kuwa ƙari ne na gefe. Wasu sun dage cewa abin da aka nuna a talabijin kaɗai ne ya faru, wasu kuma suna cewa duk abin da ɗan wasan asali ya yi bisa lasisi ya shiga lissafi. A watan Nuwamba na 2013 BBC ta fitar da wani gajeren kashi na ƙasa da minti bakwai, inda McGann ya dawo gaban kyamara, kuma kafin jikinsa ya sabunta ya ambaci sunayen abokan tafiyarsa na wasannin sauraro ɗaya bayan ɗaya, har da Charley. Masu sauraro suka yi ta murna kamar an ba su takardar shaida. Na fahimci daɗin da suka ji, amma shirin da ya ginu a kan tafiya cikin zamani da sake rubuta tarihi, wanda kuma talabijin ɗinsa ma ya sha saɓa wa kansa, ba wurin neman daidaiton lissafi ba ne. Labarin gidan barorin nan yana da ban tsoro ko an ƙirga shi ko ba a ƙirga ba.

Sai dai wannan sha'awa ta daidaita lissafi ba ta tsaya a gardama ba, ta shiga cikin abin da ake samarwa, kuma nan ne zancen ya koma inda na fara. Bayan shirin ya dawo talabijin a 2005, sai wasannin sauraro suka tashi daga zama magajin shirin suka koma ƙaninsa. Daga 2015 kuma lasisin ya faɗaɗa ya haɗa da mutanen sabon zamani, cikin waɗanda suka fito a matsayin Doctor aka sami John Hurt, sannan David Tennant a 2016, sannan Christopher Eccleston a 2021, wanda mutane da yawa suka ɗauka ba zai taɓa komawa ga wannan matsayi ba tun da ya bar shi bayan zango guda. Tom Baker, Doctor na huɗu, shi ma ya shigo tun 2012 bayan ya daɗe yana ƙi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan abin farin ciki ne a ranar da aka sanar da shi. Amma da aka tara su, sai aka wayi gari kusan duk wanda ya taɓa fitowa a shirin, ko da a kashi biyu ne, yana da nasa jerin wasannin, kuma duk wata 'yar tazara tsakanin labarai biyu na talabijin an cusa mata sababbin labarai. Jerin wata-wata na asali, wanda ya fara a 1999, an rufe shi a 2021 bayan fitowa ta 275, aka koma fitar da labarai a ƙunshi, uku ko huɗu a haɗe, sau da yawa ƙunshi ɗaya yana jingine da wani.

Ƙorafin masoya a kan wannan sananne ne. Suna cewa abin ya yi yawa, babu mai kuɗi ko lokacin da zai bi duka, sabon shiga ba ya sanin ta inda zai kama, kuma labarai da yawa an gina su ne a kan haɗuwa kawai: wane Doctor ne bai taɓa gamuwa da wane abokin gaba ba, sai a haɗa su, a nemi labarin daga baya. Duk wannan gaskiya ne. Abin da ba su cika faɗa ba shi ne, kamfanin ba ya samun kuɗin harajin talabijin kamar BBC, da cinikin masu sauraro yake rayuwa, kuma kamfanin da yake rayuwa da ciniki ba zai yi ta maimaita abin da ba a saya ba har tsawon shekaru. Idan Dalek yana bayyana a bangon ƙunshi bayan ƙunshi, hankali yana nuna cewa bangon da yake ɗauke da Dalek yana tafiya. Mutumin da ya rubuta dogon sharhi yana kukan rashin sabon abu, sau da yawa shi ne wanda ya riga kowa biyan kuɗin haɗuwar Doctor uku a labari ɗaya, ya kuma tsallake ƙaramin labarin da ba shi da sanannen suna a bango. Kamar mai zuwa gidan abinci ne kullum yana odar abu ɗaya, sannan ya fita yana cewa masu girkin ba su iya komai ba sai shi.

Ba ina nufin an daina yin aiki mai kyau ba. Ana yi, kuma wani lokaci a wuraren da ba a zata ba, musamman a gajerun labarai da ƙananan jeri inda idon jama'a bai cika kaiwa ba. Jerin da aka fara a 2007, inda tsohon abokin tafiya guda yake ba da labari da bakinsa tare da ɗan wasa ɗaya kacal, ya fitar da wasu daga cikin rubuce-rubuce mafi zurfi da kamfanin ya taɓa yi, saboda ƙarancin kayan aiki ya tilasta wa marubuta su yi tunanin wa yake ba da labarin, wa yake gaya wa, kuma me ya sa sai yanzu. Bambancin shi ne a da gwanin labari yana tsaye a fili cikin goma sha biyu na shekara, yanzu kuwa sai an tona.

Batun da ya fi taɓa zuciyar masoya a 'yan shekarun nan shi ne na muryoyin waɗanda suka rasu. William Hartnell, Doctor na farko, ya rasu a 1975, Patrick Troughton, na biyu, a 1987, Jon Pertwee, na uku, a 1996. Shekaru da yawa kamfanin yana kauce wa sa wani ya maye gurbinsu kai tsaye, sai dai a sa abokin tafiya ya kwaikwayi maganarsu a cikin ba da labari, kamar yadda Frazer Hines ya riƙa yi wa Troughton, wanda ya yi aiki tare da shi shekaru. Daga 2015 aka sa Tim Treloar ya ɗauki matsayin Doctor na uku, daga baya Michael Troughton ya ɗauki na mahaifinsa, Sadie Miller ta ɗauki na mahaifiyarta Elisabeth Sladen, wadda ta fito a matsayin abokiyar tafiyar Doctor kuma ta rasu a 2011, aka kuma sami wanda ya gaji John Hurt bayan rasuwarsa a 2017. Masoya sun rabu uku a nan. Akwai masu cewa matsayi ya fi ɗan wasa daɗewa, kuma shirin da ya ginu a kan sauya fuska bai kamata ya ji tsoron sauya murya ba. Akwai masu cewa abin da ya ba waɗannan wasanni daraja tun farko shi ne kasancewar mutanen asali ne, idan aka cire wannan to kwaikwayo ne kawai mai lasisi. Akwai kuma na tsakiya, waɗanda suke karɓar ɗa ko 'ya amma ba sa karɓar bare.

Wannan matsayi na uku shi ne ya fi yawan magoya baya a abin da nake gani, kuma shi ne mafi rauni idan aka auna shi da hankali, domin gadon jini ba ya tabbatar da gadon murya ko na iya wasa. Abin da yake bayarwa shi ne kwanciyar rai, mai sauraro ya ji cewa iyalan mamacin sun yarda. Ni abin da nake dubawa daban ne: shin sabon ɗan wasan yana wasa ne ko yana kwaikwayo? Wanda ya sa duk ƙarfinsa a kan ya yi daidai da muryar mamaci yakan burge a minti biyar na farko, daga nan sai kunne ya fara farautar inda ya kuskure, labarin kuma ya wuce ba a ji shi ba. Wanda ya kama ruhin matsayin, ya bar muryarsa ta zauna inda ta fi sakewa, yakan ba da haushi a farko, amma kafin a kai rabin labari an manta da batun.

Su ma masu rai ba su tsira daga wannan muhawara ba, domin murya tana tsufa. Peter Davison yana da shekara 29 aka ba shi matsayin Doctor na biyar, kuma muryar da yake naɗa da ita a yau ba ta saurayin nan ba ce. Wasu masoya suna cewa hakan yana fitar da su daga cikin labarin, wasu kuma, ina cikinsu, suna ganin nauyin da shekaru suka ƙara masa ya dace da halittar da aka ce ta rayu ɗaruruwan shekaru fiye da yadda ƙuruciyarsa ta dace. Tom Baker kuwa an haife shi a 1934, kuma an san cewa kamfanin yakan naɗi labaransa shekaru kafin a fitar da su, ta yadda abin da mai sauraro yake saya a matsayin sabo wataƙila ya daɗe a ajiye. Masoyan da suka karɓi sabuwar murya ga Doctor na uku cikin sauƙi, da yawansu ba su taso da Pertwee ba ne. Da Tom Baker suka taso, kuma a kan muryarsa ne za a gane ko da gaske suke da suka ce matsayi ya fi ɗan wasa daɗewa.